Igiyar Hamidou da Keken Laima

A duk 'yan Nijar da ke zaune tsakanin Silver Spring da Largo, babu wanda bai ji daga bakin Hamidou cewa ba a taɓa cutarsa a ciniki ba. Yakan faɗa a majalisar shayi da ke bayan shagon Alhaji Mudathir, yakan faɗa wa fasinjojin tasinsa ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Mahaifinsa dillalin dabbobi ne a kasuwar Tawa, kuma a ganin Hamidou wannan ilimi gadonsa ake yi kamar tsawon hanci. Abin da ya gada a zahiri igiya ce ta fata, baƙa wuluk saboda tsufa, wadda ya ƙetaro teku da ita a ƙasan akwati. Tsohon ya koya masa cewa mai saye da igiyarsa yake zuwa kasuwa, bai kamata ya biya ko sisi a kan igiyar mai dabba ba. Igiyar na nan a but ɗin motarsa, duk da cewa tun zuwansa Amurka ba a ɗaure ko kaza da ita ba.

Ana cikin haka Sabo, wanda ya saba sayo wa jama'a ragunan layya daga gonakin bayan gari, ya kwashe iyalinsa ya koma Ohio. Aikin ba albashi, amma wanda ya yi shi sunansa ake ambata a kowane gida har naman ya ƙare. Hamidou na son wannan aiki fiye da duk abin da ya taɓa so a ƙasar nan. Alhaji Mudathir, dattijon jama'ar, ya ce zai zaɓi mutum a ranar walimar da ake yi kowace shekara a wani fili a Largo, kuma sunaye biyu ne a gabansa: Hamidou da abokinsa Nassirou, direban motar kai kaya.

"Nassirou mutumin kirki ne," in ji Hamidou a majalisa, "amma in aka faɗa masa kuɗin rago, sai ya ce madalla ya zaro kati. Wannan ba ciniki ba ne, Alhaji, sadaka ce."

"Ni dai ban taɓa komawa gida da abin da ban fita saye ba," in ji Nassirou.

Alhaji ya kurɓi shayinsa. "Labarinka mun sha shi, Hamidou. Cinikin ne ba mu taɓa gani ba."

Maganar ta tsaya wa Hamidou a rai. Washegari yana jiran fasinja yana latse-latsen waya, sai ya ci karo da tallar wani abu: keke mai ƙafa uku, tayoyi ɓul-ɓul, kujera kusan a ƙasa, ba inji, ba feda. Wata ƙatuwar laima ce ake sakewa sama, iska ta cika ta, ta ja keken a guje. Kafin fasinjan ya fito, Hamidou ya riga ya cika kwantena da irinsa ya aika Tawa, ya buɗe reshe a Agadas, ya kori masu sayar da isansi, wato man fetur, daga kasuwa. Raƙumi ne da ba ya cin harawa, iska kuwa ba wanda ke sayar da ita. Abin da ya rage kawai ya sayi na farko a farashin da zai rufe bakin majalisa.

Mai kayan wata Baturiya ce a College Park, Debbie, mai furfura da gajeren wando, wadda gwiwa ta hana ta wasan, kuma za ta koma ƙaramin gida. Ta rubuta dala dubu da ɗari biyu. Hamidou ya ɗauki Nassirou don ya zama shaida, amma kafin su fita daga mota sai da ya gindaya masa sharaɗi.

"Kai ido ne kawai. Duk abin da ka ji, duk abin da ka gani, ka riƙe bakinka sai ranar da Alhaji ya tambaye ka da kansa."

"Ko na ga rami a gabanka?"

"Ramin da za ka gani ni na riga ka ganinsa. Ka yi alkawari."

"Na yi."

A gareji Hamidou ya zagaya keken hannu a baya, fuska a murtuke. Ya doki taya da ƙafa. Ya ɗaga gaban ya leƙa ƙasa, kamar mai neman kaska a cikin tunkiya. Ya tambayi shekarunsa, ya tambaya ko ya taɓa faɗuwa.

"Sau da yawa," in ji Debbie. "Ai rabin wasan ke nan."

"Ƙafar bayan nan ta karkace."

"Ƙwarai, ta ɗan karkace."

"Kujerar ma ta rame."

"Gaskiyarka, rana ta cinye ta."

Wannan ya ɗan rikita shi. A Tawa in ka kushe dabba, mai ita rantsuwa yake yi har ya kira maƙwabta su shaida. Wannan mata kuwa duk aibin da ya kawo sai ta karɓa ta ƙara masa wani. Ya taya dala ɗari uku. Ta ce a'a, tana murmushi. Sai ya fito da babbar dabarar mahaifinsa: ya girgiza kai cikin takaici, ya juya, ya kama hanyar mota a hankali, yana ba ta damar kiransa.

Ba ta kira ba. Ya buɗe mota, ya zauna, ya tayar da inji, ya kashe. A madubi ya hango ta tana hira da Nassirou, tana nuna wata doguwar jaka, tana nuna keken, Nassirou na gyaɗa kai. Hamidou ya gane nan take cewa roƙonsa take yi ya sa baki. Da zaman ya yi tsawo, ya fito ya koma, ya ce ya manta abokinsa ne.

"Mene ne a jakar?"

Debbie ta zuge ta. Laimar ce a ninke, ja da rawaya, da wasu igiyoyi sirara kamar zaren saƙa. Hamidou, wanda ke sayar da shadda a ƙarshen mako, ya murza yadin tsakanin yatsu biyu ya taɓe baki. Ko labule ba zai yi da shi ba. A nan ya ga inda aka ɓoye tsadar: yadi da igiya ake so a ɗora masa. Ya je but ya ɗauko igiyar mahaifinsa, ya ajiye ta a ƙasa a gabanta.

"Madam, riƙe yadinki da zarenki. Na zo da tawa. Keken kaɗai nake so, dala ɗari huɗu."

"Amma yanzun nan na gaya wa abokinka cewa..."

Ya ɗaga hannu. "Abokina kurma ne yau. Da ni kike ciniki."

"To saurara, keken nan in dai..."

"Ɗari huɗu da hamsin."

"A'a, ba ka gane ba, ni abin da nake nufi..."

"Ɗari biyar, Madam, kuma in na sake fita ba zan dawo ba."

Debbie ta dubi Nassirou. Nassirou ya dubi rufin gareji, ya ga ashe akwai abin kallo sosai a wurin. Ta ɗaga kafaɗa ta ce in haka yake so, shi ke nan. Hamidou ya bayyana mata cewa a ƙasarsu mai kaya yakan yi gyara, wato ya ɗora wani ɗan abu kyauta a kan ciniki. Ta miƙa masa hular kwano.

"Ka gani?" ya ce wa Nassirou suna ɗaure keken a rufin mota da igiyar fata. "Daga dubu da ɗari biyu zuwa ɗari biyar, har da gyara. Mi ka ce?"

"Ni kurma ne yau."

A gida keken ya ƙi shiga lif. Hamidou ya ɗaure shi da sarƙa a wurin fakin ɗinsa, motar da yake cin abinci da ita ta koma kwana a bakin titi. Maƙwabciyarsu Irene, nas ce 'yar Jos, ta dawo daga aiki ta tsaya tana kallo.

"Malam Hamidou, ina birkin?"

Sai a lokacin ya tuna bai duba ba. Ya sunkuya ya duba, ya miƙe. "Ba ya buƙata. Masu hankali ke tuƙa shi."

"To. Ranar Asabar ina aiki a Largo. In an kawo ka, ka ce ka san ni."

Saura laima. Matarsa Mariama tela ce, ɗinkin Sallah ya yi mata yawa har ba ta ɗaga kai. Ya zube mata shadda ruwan bula, mafi tsada a cikin hajarsa, ya ce ta ɗinka masa laimar da za ta ja keke da mutum.

"Baban Nafissa, ni riga na iya. Ban taɓa auna iska ba."

"Ba wani abu ba ne. Ki yi ta da faɗi, ki yi ta da ƙarfi, ba kamar tsumman Baturiyar nan ba. A sa mata aiki a baki, jama'a za su gani."

"Aiki a jikin laima?"

"Sama za ta tashi. Duk Largo za ta kalla."

Mariama ta dube shi, ta dubi shaddar, ta yi lissafin da ba ta faɗa masa ba. Ta yanka ta a kan babban fasali guda da ta sani, na babbar riga, ta yi aikin a daidai inda wuya zai kasance, sai dai ba ta huda wuyan ba. Da Hamidou ya ce abin ya yi masa kama da riga, ta ce haka laimar zamani take.

Ranar walima, Asabar ɗin, aka cika fili. Mata sun kafa rumfa a gefe da tukwanen shinkafa, maza na gasa nama, can ƙasa kuma akwai tafki da agwagin nan manya masu baƙin wuya da ba sa tsoron kowa. Hamidou ya sauke kekensa a tsakiyar ciyawa. Ya ɗaure kusurwoyin shaddar da igiyoyin shanya, ya tattara su ya haɗa da igiyar mahaifinsa, ya ɗaure ta a gaban keken kamar yadda ake ɗaure amalanke a jikin san noma. Ƙullin da ya yi na tsohon ne, wanda ko bijimi bai taɓa kwancewa ba, kuma sai da ya kira mutane suka zo suka gani. Ya sa hular kwano a kan hularsa, ya zauna, ya ce a ɗaga.

Maza huɗu suka ɗaga shaddar. Suka saki. Ta faɗi.

Suka sake ɗagawa. Ta sake faɗuwa, da ƙarar nan ta sabuwar shadda. Rana ce mai zafi da gumi, ko ganye ba ya motsi.

"Ko a tura ka?" in ji wani.

"Ba turawa ake yi ba. Iska ake jira."

"Ka yi mata waya kuwa?"

Aka kira cin abinci, masu ɗagawa suka watse. Hamidou ya ƙi tashi, don kada iska ta zo ba ya nan. Mariama ta kai masa faranti har cikin keken, ya ci a zaune gwiwoyi a sama. Aka yi sallar azahar, ya fito ya yi, ya koma da sauri. Alhaji Mudathir ya sa aka kawo masa kujera kusa da rumfa, ya zauna yana kallon mutumin da ke neman a damƙa masa kuɗin layyar jama'a.

"Alhaji, dala ɗari biyar," Hamidou ya ɗaga murya. "Abin dubu da ɗari biyu."

"Na ji kuɗin. Tafiyar nake jira."

Wajen la'asar hadari ya haɗo daga yamma, irin na bazarar nan da ba ya sallama. Faranti na takarda suka fara tashi, mata suka shiga rufe tukwane. Ba wanda ya ɗaga shaddar, da kanta ta miƙe. Ta buɗe hannuwa biyu, ta cika fam, ta tsaya a sama kamar wani ƙaton attajiri marar kai, aikin wuya na ƙyalli. Igiyar fata ta miƙe. Keken ya zabura.

Gaskiya a faɗi, ya tafi. Wannan ɗan lokaci shi ne mafi daɗi a rayuwar Hamidou a Amurka, har ya saki hannu ɗaya ya ɗaga wa majalisa. Abin da bai sani ba shi ne da ƙafa ake juya keken, a kan ƙarafa biyun da ya ɗora sawunsa. Da gudun ya yi yawa, ya danna ƙafar dama kamar mai taka birkin tasi. Keken ya yi kwana, ya nufi rumfa.

Mata suka dare biyu. Ya bi ta tsakiya, ya ɗauki kular zoɓo da tayar hagu, ya kifar da abin gashi da ta dama. Alhaji Mudathir, wanda aka sani da ciwon baya, ya yi tsallen da har yau ake maganarsa, kujerarsa kuwa ta maƙale a gindin keken ta bi Hamidou. Ya kai hannu zai kwance igiya, ƙullin mahaifinsa ya riƙe amana. Ya sa ƙafa ƙasa, takalmi ya tafi. Ya wuce Nassirou, wanda ke tsaye da cinyar kaza a hannu.

"Nassirou, tare ni!"

"Ka ce ni ido ne kawai."

Gangaren tafkin ya ƙara masa gudu. Tayoyin nan masu ƙiba suka ɗan yi iyo da shi, har ya yi zaton abin zai haye, sai iskar ta ɗauke kamar yadda ta zo. Babbar rigar ta sauko a hankali ta lulluɓe shi da keken da kujerar Alhaji. Agwagin suka taru suka kewaye tulin shaddar suna huci, duk inda ya motsa sai su kai sara.

Ruwan iya gwiwa ne. Da aka jawo shi, da igiyar mahaifinsa aka jawo shi. Ya tsaya gaban jama'a ƙafa ɗaya ba takalmi, ganyen tafki a kafaɗa, ya cire hular kwano, ya gyara ta ƙasan.

"Kun dai ga yana tafiya," ya ce. "Matsalar tuƙi daban, maganar farashi daban. Farashi aka ce a duba. Ga shaidata nan, Alhaji, a tambaye shi."

Alhaji, wanda aka samo wa wata kujera, ya juya. "Nassirou, kana wurin. Cinikin ya yi kyau?"

"Tunda kai ka tambaya, Alhaji, bakina ya buɗe. Lokacin da ya tafi ya zauna a mota yana jira a kira shi, matar ta gaya mini laimar ce mai kuɗin, ita take sayarwa. Keken ya tare mata gareji, ba mai so. Ta ce duk wanda ya sayi laimar ya ɗauki keken kyauta. In ma ba a samu ba, ƙarshen wata za ta fitar da shi bakin titi, mai so ya ɗauka."

Alhaji ya gyara zama.

"Ba ta gaya masa ba?"

"Sau uku ta fara. Duk ta buɗe baki sai ya ƙara hamsin."

"Wato gyaran ya saya, ya bar kayan."

"Amma an ba shi hula a kai."

Dariyar ta fara daga wajen mata. Hamidou ya sunkuya yana naɗe igiyar fatar. Ba kuɗin ne ya yi masa ciwo ba, ba tafkin ba. Tunawa ya yi da mahaifinsa, da yadda kasuwar Tawa kan yi shiru in tsohon ya ɗora hannu a bayan bijimi, kunya ta rufe shi har ya kasa ɗaga ido. Mariama ta zo ta tattara shaddar ta matse, ta ce in an wanke an huda wuya, rigar Sallarsa ta samu.

Alhaji ya jira dariyar ta lafa. "Nassirou zai sayo raguna. Kai ma za ka je, Hamidou, ba za mu bar ka a baya ba. Ƙullinka na gani da idona, ba ya kwancewa. Shi ya yi ciniki, kai ka riƙe igiya."

Ya je kuwa. Ana jibi Sallah suka isa wata gona can bayan gari, Nassirou ya tambayi farashi, manomin ya faɗa, Nassirou ya ce a rage, aka rage kaɗan, ya zaro kati. Hamidou na gefe da igiyar fata a naɗe a hannu, ya shafa mata mai tun daren jiya, yana jiran rago na farko.

Sai ma'aikatan gonar suka fara fito da ragunan, kowanne da sabuwar igiya a wuyansa. Manomin ya ce su tafi da su, kyauta ce, haka yake yi wa kowa.

Hamidou ya tsaya har aka gama lodi, ba a nemi tasa ba. Ya matsa kusa da na ƙarshen, ya murza igiyar wuyansa tsakanin yatsu biyu, ya taɓe baki.

"Roba ce," ya ce a hankali. "Ba za ta yi shekara ba."

"Jibi za a yanka su," in ji Nassirou.

Hamidou ya mayar da igiyar mahaifinsa but, ya rufe, ya shiga gaba ya zauna. Har suka kai Silver Spring bai tambayi nawa aka biya ba.